Ranar Da Na Kira Sunanki A Fadamar Kalgo

Gwandu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a cikin mota. Allah Ya tsare ki, Ya tsare direba da duk wanda ke ciki, Ya sauke ku garin da aka tura ki bautar ƙasa ba tare da kun ga abin ƙi a hanya ba.

Na gaya wa mahaifiyarki zan ba ta takarda, na ce ta cusa a jakarki ta hannu, ta kuma gaya miki kada ki buɗe sai kun wuce Jega. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, bayan hurhura ta cika kai sannan anka tuna da rubuta wasiƙa?" Na ce mata ta dai yi abin da aka sa ta. Na zaɓi Jega ne don daga nan ba za ki ce direba ya juyo ba, kuma ba za ki ga idona ba lokacin da kike karantawa.

Za ki yi mamaki, na sani. Ke ce 'yar fari, kuma kin san yadda gidanmu ke yi da ɗan fari. Ana yaye ki yayata Hajo, wadda duk dangi ke ce wa Gwaggo, ta goya ki sai Kalgo. Ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba, ba na kama sunanki, in an tambaye ni sai in kau da kai in ce ai 'yar Gwaggo ce. Ke kuma kin tashi kin ji 'ya'yanta suna ce mini Kawu, sai kika bi sahu har yau. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai shekaranjiya.

Shekaranjiya, da kika zo yi mana sallama, na leƙa ɗakin mahaifiyarki neman carbina, sai na ga kwalin magani a kan kayanki. Ban buƙaci tabarau ba. Firednisolon ne, 'yar ƙwayar nan da ba ta kai ƙwayar masara ba. Na san ƙafafunki sun kumbura bara, na san likita ya ce ƙoda ce, domin duk ranar da kuka tafi asibiti a Birnin Kebbi ba na iya cin abincin rana. Amma ban tambayi wane magani aka ba ki ba, tun da uban 'yar fari ba ya tambaya da baki. Da mahaifiyarki ta ce mini za ki yi watanni kina sha, sai na koma zaure na zauna.

Kada ki ji tsoro. Magani ne mai kyau, ya ceci mutane, ni ma ya taɓa ceto na. Naki likita ne ya auna ya ba ki, kuma an ce mini ba kowa yake taɓa wa hali ba. Amma ni ya taɓa mini, kuma ke ce kika sha mafi ɗacin abin. Shi ya sa zan jera miki wautar da na yi, ki ɗebi abin da zai amfane ki.

Kin san ina da asma. Da kaka ta yi aka fara bugun shinkafa a gonarmu ta fadamar Kalgo, ƙaiƙayi kan toshe mini ƙirji in riƙa shaƙar iska da ƙyar. Wata shekara abin ya tsananta har aka kai ni asibiti. Likita ya ba ni ƙwayar nan ta kwana biyar, ya ce in dawo bayan mako biyu. Kwana biyu kacal na ji ƙirjina ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa ba. Sai na ce da kaina, ni da nake koyar da yara lissafi, me zai sa in sake bin layin asibiti a kan abin da na riga na gane? Na adana kwalin a aljihu. Duk lokacin da ya ƙare sai in nuna wa mai kemis in ce irin wannan. Maganin kwana biyar na mayar da shi na shekara uku, kuma ban koma wurin likitan ba ko sau ɗaya.

Don haka, ranar da aka rubuta miki ta komawa asibiti ki riƙe ta da muhimmanci. Kina sauka, kafin ki san inda ake sayar da tumatir, ki san inda asibiti yake, ki kai musu takardun da likitanki ya ba ki. Kada ki ƙara ko rabin ƙwaya don kin ji jiki ya yi nauyi. In wata a cikin abokan zamanki ta ga kumatunki sun ciko ta ce ki sam mata, ki yi mata dariya ki hana ta.

Maganar kumatu ta tuna mini wauta ta biyu, wadda ita ce mai ban dariya, in dai ba a gidanka aka yi ta ba. Ni da aka sani siriri tun ina yaro, sai fuskata ta yi zagaye kamar faifai. Mutane suka riƙa taya ni murna. A bakin kasuwa wani abokina ya ce, "Malam Haliru, hala an ƙara maku albashi ba mu ji ba?" Ni kuma ina jin daɗi. Barci ya ragu, amma ba na jin gajiya. Kaina ya cika da shawarwari, wata na korar wata. Na ce zan haƙa tafkin kifi a bayan gida. Ban gama ba na ce gonar mangwaro zan yi a hanyar Ceberu. Wata safiya mahaifiyarki ta fito alwala ta tarar na rushe rabin katangar gida, wai shago zan buɗe. Ta tsaya da buta a hannu ta ce, "Malam, wa ya aike ka?" Na ce mata mata ba su san ci gaba ba. Awakin unguwa sun yi wata guda suna shigo mana ta wannan ci gaban.

Ni da ba na son surutu, sai na zama ba a iya kai ƙarshen zance a gabana. Har liman na tare bayan sallar la'asar ina yi masa gyara a kan abin da ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ya yi murmushi kawai ya ce Allah Ya ƙara mana sani. A lokacin ban ga laifin komai ba. Gani nake sai yanzu na warke, sai yanzu na zama mutum.

Wannan shi ne abin da nake so ki fi kiyayewa, domin ba ya zuwa da kamar ciwo. Idan kika ga kwana uku a jere ba ki yi barcin kirki ba amma ba ki gaji ba, ko bakinki ya ƙi tsayawa, ko kin ji babu abin da ya fi ƙarfinki a duniya, to kada ki ce iskar sabon gari ce ta karɓe ki. Ki je ki gaya wa likita. Mai wannan hali shi ne na ƙarshen sani, kuma in an gaya masa faɗa zai yi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A kaka ta uku na kira gayya don bugun shinkafa. Saboda tsoron ƙaiƙayi, kwana huɗu kafin ranar na ninka ƙwayar da kaina. Kina da shekara goma sha uku. Da hantsi Gwaggo ta aiko ki da fura daga gida. Na hango ki a kan kunyar gona da ƙwarya a kai, kina taka ƙasa a hankali don kada ta zube. Ina ganin zanen da kika ɗaura a idona har yanzu, shuɗi ne mai ɗigon fari. Kika durƙusa nesa kaɗan yadda aka koya miki, kika sauke ƙwaryar, kika ɗago kika dube ni. Kika ce, "Kawu, ba ka da lahiya? Idonka ya yi ja."

Iyakar abin da kika ce ke nan. A cikin mutum sama da ashirin, da manya da tsofaffi, ke kaɗai kika faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki kamar an zuba kalanzir a murhu. Na kira sunanki, sunan yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Na kira shi da iyakar ƙarfina. Na ce ke wace ce da za ki duba mini ido, na ce ki fice mini daga gona, na ce kada in sake ganin ki. Na sa ƙafa na ture ƙwaryar.

Sanduna suka tsaya cik. Ba faɗan ne ya fi girgiza mutane ba, uba kan yi wa ɗansa faɗa. Sunan ne. Wani tsoho daga Dangoma ya ajiye sandarsa ya ce a hankali, "Wanga ba Haliru ba ne." Ke ba ki yi kuka ba. Kin ɗauki ƙwaryar, kin kakkaɓe ƙasar da ke jikinta, kin koma ta kan kunyar da kika zo. Da kin yi kuka wataƙila da abin ya fi mini sauƙi.

Bayan wannan sai komai ya juye. Murnar ta tafi, wani duhu ya maye gurbinta. In na ga mutum biyu suna magana sai in ce da ni suke. Na daina zama a majalisa, na daina zuwa makaranta. Wata rana da yamma na zauna a bakin ruwa a Kalgo na daɗe, ina jin da ma a ce babu ni. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, har mahaifiyarki. Ina gaya miki ne don in irin wannan tunani ya taɓa leƙo ki, ki san ba naki ba ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. A ranar, kafin rana ta faɗi, ki faɗa wa wani, ki sa ya raka ki asibiti.

A gida kuwa an riga an yanke hukunci. Mutumin da ya kama sunan 'yar farinsa a bainar jama'a, ai ba shi kaɗai ba ne a jikinsa. Wasu suka ce iska ce ta fadama, wasu suka ce hannu aka sa mini. Aka yi ruƙiyya, na sha rubutu, aka turara mini abin da har yau in na tuna sai na yi tari. Malamin da ke yi mini addu'a mutumin kirki ne, ya tambaye mu abin da nake ci da inda nake kwana. Babu wanda ya ambaci ƙwayar, alhali tana aljihun rigar da nake sanye da ita. Ba ɓoyewa muka yi ba. A tunaninmu, me ya haɗa maganin ƙirji da kai?

Ban ce ki bar addu'a ba, kin san gidan da kika fito. Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma. Amma duk wanda zai duba ki, malami ne ko likita, ki fara ɗora masa kwalin a gabansa kafin ki ce komai.

Gwaggo ce ta fara zargin ƙwayar, ba don ta yi karatu ba, sai don ta iya lura. Ta zo Gwandu ta zauna kwana biyu tana kallona, sannan ta ce, "Haliru, tun da ka hwara haɗiyar wagga aba ka zama wani. Miƙo ta nan." Ta karɓe duka ta jefa a masai. Na ji daɗi har cikin raina, na ce an rabu da bala'i. Ashe nan ma kuskure muka yi, kuma shi ne ya kusa kai ni kabari. Kwana kaɗan jikina ya saki, sai amai, sai jiri, ko buta ba na iya ɗagawa. A kwance aka sa ni a mota zuwa Birnin Kebbi.

Wata likita ce ta karɓe mu. Bayan na farfaɗo, ba ni ta fara tambaya ba. Ta juya wurin mahaifiyarki ta ce, "Hajiya, da can haka halinsa yake?" Mahaifiyarki ta ce, "Wallahi ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi." Likitar ta gyaɗa kai. Ta bayyana mana cewa jikin mutum na yin wani abu irin wannan maganin da kansa, in aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya saki aikin, don haka in an yanke lokaci guda sai a bar jiki babu ko ɗaya. Ta ce kuma yawansa na iya taɓa barci da hali da tunani. Ta mayar da ni kansa, ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har watanni, ta ba ni na shaƙa wanda nake amfani da shi har yau. Gwaggo tana gefe ta rufe baki da mayafi.

To ki ji da kyau. Ko da kin ji maganin ya fara juya miki kai, ko wani mai ƙaunarki ya ce ki watsar, kada ki daina da kanki. Likita ne zai sauke ki, mataki-mataki. Kuma kada ki bari ya ƙare miki a hannu a garin da ba ki san kowa ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna game da tafiyarki. Ni na yi ciwona a cikin mutanen da suka san ni tun ina tsumma, shi ya sa aka sami mai cewa wannan ba Haliru ba ne. Can inda za ki, babu wanda ya san ke mai shiru ce. In kika fara faɗa, cewa za su yi haka 'yan Kebbi suke. Saboda haka a makon farko ki nemi mutum ɗaya mai hankali, mace, ki gaya mata maganin da kike sha. Ki ce mata, in kin ga na sauya, ki faɗa mini ko da zan zage ki, in na ƙi ji ki kira gida. Ki ba ta lambar mahaifiyarki. Ki ba ta tawa ma. Na san kin gado ni wajen haɗiye magana, kuma ba gadon kirki ba ne.

Saura kuskure ɗaya, kuma shi ba zan ɗora wa magani ba. Da hankalina ya dawo, na bi mutane gida-gida. Na je wurin liman na durƙusa. Na hau babur har Dangoma na nemi tsohon nan da sauran 'yan gayya. Na roƙi mahaifiyarki gafara, na kuma gyara mata katangarta. Ke kaɗai ban zo wurinki ba. Da lafiya ta dawo sai kunya ta dawo tare da ita, na ce ina aka taɓa ganin uba ya zauna yana ba 'yar fari haƙuri. Gwaggo ta yi mini magana ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Ka roƙi gari duka gahwara, ka bar wadda ka yi ma laihi." Sai in ce yarinya ce, za ta manta.

Ba ki manta ba. Da can in na je Kalgo, kikan laɓe a bayan rumbu kina leƙena, ni kuma ina yi kamar ban gan ki ba alhali ina ƙirga tsawon da kika ƙara. Tun daga ranar kika daina leƙe. Sai ki gaishe ni daga bakin ƙofa, idonki a ƙasa, ki tashi kafin in gama amsawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowa na yabon kunyarki, ni kaɗai na san ba kunya ba ce.

Ki yafe mini. Abin da na faɗa a gona ba shi ne a zuciyata ba, ba a ranar ba, ba kafin ta ba. Tambayar da kika yi mini ita ce mafi alherin abin da aka ce da ni a waɗancan shekaru uku na shan ƙwaya, kuma ga amsarta, ko da ta makara. E, ba ni da lafiya a ranar. Da na saurare ki da ban kai ga kwanciya a mota ba.

Duk sakamakon jarrabawarki, tun daga firamare, yana cikin akwatina a ƙarƙashin rigar sallah. Gwaggo ke ba ni a ɓoye. Ranar da aka ce kin gama jami'a, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, mahaifiyarki ta zaci asma ce ta tashi. Ina son ki ƙwarai, tun ranar da aka nuna mini ke a cikin zane na kau da kai don mutane na kallo.

Ban ce al'adar iyayenmu banza ce ba, kuma in kin dawo wataƙila a gaban mutane in ci gaba da cewa 'yar Gwaggo, kada tsofaffi su sake kira mini mai ruƙiyya. Amma ba zan yarda ki yi nisa haka ba alhali sau ɗaya tak kika ji sunanki daga wurina, kuma a cikin tsawa. Na zauna da alƙalamin nan tun bayan azahar ina juya shi. Hannuna lafiya lau, kaina lafiya lau, babu ƙwayar komai a jikina.

Allah Ya kai ki lafiya, Sa'adatu. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Sa'adatu, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya dawo mana da ke cikin aminci. In kin sauka ki kira mahaifiyarki. In kin ga dama ki ce ta miƙo mini wayar, zan kasance kusa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne wanda kike ce wa Kawu,
mahaifinki,
Haliru.